Wuƙa da Sai-Gobe

"Cire hannunka daga ƙafar nan!"

Ɗakin maza ya yi tsit. Nas ɗin da ke riƙe da tiren auduga ta tsaya cak.

Bai cire ba. Bai ma ɗago ba. Ya ci gaba da danna tafin ƙafar maras lafiyan a hankali, kamar mai zaɓen mangwaro a kasuwa.

"Likita, da kai nake!"

"Na ji ki," ya ce. "Har ɗakin mata sun ji ki."

"Yau za a yi wa mutumin nan tiyata. An shirya ɗaki."

"Ni kuma na ce a dakata."

"Da izinin wa?"

"Da izinin jijiyar nan. Taɓa ki ji, tana bugawa."

"Ba sai na taɓa ba. Ina da hanci."

"Ki bar shi sai gobe mu gani..."

"Sai gobe! Sai gobe! Wata rana a bakin kabari za ka tsaya kana cewa sai gobe!"

Maras lafiyan ya leƙo daga cikin bargo.

"Don Allah likitoci, ina nan fa. Ban tafi ba tukuna."

Ta juya ta fita, takalminta na dukan ƙasa.

Ita likitar tiyata ce. Hannunta ba ya rawa, bakinta ba ya jira. Ma'aikata suna kiranta Wuƙa, amma a bayan idonta. Shi likitan masu ciwon suga ne, dogo, mai sanyin magana. Suna kiransa Sai-Gobe a gaban idonsa, yana amsawa.

Gabarsu tana da tushe. Yana da kawu mai gyambo a ƙafa, ya daɗe yana jinyarsa. Aka tura Sai-Gobe wani kwas. Yana can zazzaɓi ya rufe tsohon, ruɓa ta fara hawa sama. Ita ce ke aiki ranar. Ba ta jira kowa ba, ta yanke daga ƙasan gwiwa. Ya dawo ya tarar da bargo ya kwanta shafe a inda ƙafa take.

Tun daga ranar gaisuwa ma sai ta dole.

Abin da asibiti bai sani ba, Wuƙa tana da nata gyambon a gida.

Mahaifinta tela ne. Shagonsa na jikin gidansu. Uwarta ta rasu tana ƙarama, da keken ƙafa ya ciyar da ita, da shi ya yi mata makaranta har ta zama likita. Ta saya masa keken lantarki. Ya rufe shi da ƙyalle ya ɗora rediyo a kai.

"Keken da ba ya jin ƙafata ba ya jin maganata," in ji shi.

Fil ne ya soke shi a tafin ƙafar dama. Bai ji ba, don suga ya kashe masa jin wurin. Ita ta ga jini a takalminsa. Ta san doka sarai: likita ba ya jinyar nasa. Amma kai shi asibiti yana nufin kai shi ɗakin Sai-Gobe. Sai ta riƙa wankewa da kanta, safe da yamma, tana ɗaurewa, tana yin shiru.

Girman kai rawanin tsiya. Ko kan likita ne.

Da yammacin ranar da ta yi waccan tsawa, ta durƙusa a shago ta kwance bandejin.

Hancin da ta yi alfahari da shi da safe, shi ya gaya mata.

"Uwata," tsohon ya ce, don haka yake kiranta, "me ya sa kika yi shiru?"

"Ba komai, Baba."

"Ke da kika gaji bakin uwarki, shirunki ne ba komai?"

"Gobe za mu asibiti."

Ya dubi keken. Ya dubi ƙafar.

"Na san sunan da suke kiranki a can. Masu kawo ɗinki suna da baki."

"Baba..."

"In yankewa za a yi, a bari in gama kayan mutane tukuna."

Ta sunkuyar da kai ta ɗaure bandejin. Karo na farko a rayuwarta ɗauri ya kwance mata sai da ta sake.

Washegari ta turo shi a keken marasa lafiya har ƙofar da ta rantse ba za ta taɓa ƙwanƙwasawa ba.

Ta ƙwanƙwasa.

Sai-Gobe ya dube ta, ya dubi tsohon. Ya ja kujera, ya ɗora ƙafar a cinyarsa, ya kwance.

"Wa yake wanke wannan?"

"Ni."

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu."

Ta jira ya yi dariya. Ta jira ya rama. Har amsa ta shirya.

"Wankin ya yi kyau," ya ce. "Ba don shi ba da ta wuce nan." Ya juya ga tsohon. "Baba, da wannan kake taka keke, ko?"

"Wa ya ce maka ni tela ne?"

"Zaren da ke bakin wandonka. Da kantar nan."

Tsohon ya dubi 'yarsa.

"Wannan ne wanda kika ce bai san komai ba?"

Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

A waje ta tare shi.

"Gaya mini gaskiya. Da a gabana aka kawo ta, ƙasan gwiwa ne."

"Na sani."

"To?"

"Akwai jini yana zuwa. Ki ba ni lokaci."

"Sai gobe ke nan?"

"Sai gobe."

Ta gyaɗa kai.

"Amma da sharaɗi," ya ce. "A ɗakin nan ke ba likita ba ce. 'Yar maras lafiya ce. Ba ki taɓa bandeji, ba ki taɓa magani. Ki kawo abinci, ki wanke kwano."

"Ni?"

"Ke."

"Wallahi kai..."

"Ban da mai da yawa. Ban da suga."

Haka aka fara.

Bai bar wa nas wankin ba. Shi da kansa yake zuwa, safe da la'asar, ya cire mataccen nama kaɗan-kaɗan da ɗan almakashi, ya wanke, ya rufe. Ita tana tsaye a gefe, hannuwanta a baya don kada su yi abin da suka saba. Ta kan ciji leɓe. Wani lokaci ta kasa.

"Ka bar ɗan baƙi can gefe."

"'Yar maras lafiya tana magana?"

"Ido ne da ni."

"To ki ajiye shi a aljihu."

Amma ya cire baƙin.

Tsohon kuwa ya samu abokin faɗa.

"Kai, ɗan nan, wa ya ɗinka maka farar rigar nan? Maƙiyinka?"

"Saya na yi, Baba."

"Ya nuna. Aljihu ɗaya na kallon gabas, ɗaya na kallon yamma. Tuɓe ka kawo."

Yana kwance ya farke aljihun ya sake ɗinke shi da hannu. Sai-Gobe ya yi zagayen marasa lafiya ranar ba riga, Sista Babba, shugabar nas-nas ɗin ɗakin, tana binsa tana dariya.

Sai suga ya ƙi sauka. Aka ƙara magani, ya ƙi. Aka rage abinci, ya ƙi. Sai-Gobe ya tsaya yana sosa ƙeya. Wuƙa ta dubi mahaifinta, ta ga yana kallon silin da wata irin natsuwa da ta sani.

"Baba, miƙo gwangwanin zarenka."

"Zare ne kawai."

"Miƙo."

Ta buɗe. A ƙarƙashin zare, ƙwayoyin suga ne jere kamar haƙora.

"Baba!" suka faɗa tare.

Suka dubi juna. Shi ya fara murmushi. Ita ta yi ƙoƙarin riƙewa, ta kasa, dariya ta ƙwace mata har ta dafa gado.

"To madalla," tsohon ya ce yana harararsu. "Kura da kare sun shirya a kan akuya."

Daga ranar kwanon da take kawowa ya ƙara girma. Tsohon ba ya cinye rabi. Wani yana cinye sauran a ofishinsa, ya wanke kwanon, ya ajiye mata a taga.

"Gishiri ya yi yawa," ya kan ce.

"Wa ya ce ka ci?"

"Gobe a rage."

Kuma a rage.

Wata rana ta fito daga tiyata ta tarar da shi a ƙofa.

"Me ka zo yi unguwar mahauta?"

"Kallo. Ta gilashi."

"Ka ga me?"

"Na ga ɗinkinki." Ya dubi hannunta. "Ashe ba a makaranta kika koya ba. 'Yar tela ce ke."

An sha yaba mata. Ba a taɓa yaba mata haka ba. Ta wuce shi da sauri don kada ya ga fuskarta, ta shiga ɗakin canja kaya ta jingina da ƙofa, tana jin zuciyarta na bugawa kamar keken Baba in aiki ya yi yawa.

Ƙafar kuwa ta fara amsawa. Jan nama ya tsiro a tsakiyar tafin, kumburi ya sauka. Kullum za ta tambaya, kullum zai ce sai gobe. Kalmar ta daina yi mata ɗaci.

Amma akwai mai kallo.

Likitan da ke sa barci a ɗakin tiyata, ana kiransa Turare, don ƙamshinsa ke riga shi sallama. Ya daɗe yana zagayenta tana kauda kai. Yanzu ya ga kwano a taga, ya ji dariya a ɗakin maza. Wata safiya suna wanke hannu kafin aiki, ya matso.

"Ina tausaya miki."

"Da aka yi me?"

"Kin manta kawunsa? Shi bai manta ba."

"Ka fita daga maganar nan."

"Ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Zai ja ku har ki saki jiki. Sannan ranar nan ya ce a yanke. Yau yatsa, gobe diddige, jibi gwiwa. Ke kin ɗauke ƙafar kawunsa lokaci ɗaya, shi zai ɗauki ta Baba gunduwa-gunduwa."

"Ƙarya kake!"

"Allah ya sa. Amma in kin ji ya ambaci yatsa, ki tuna da ni."

Ta gama aikinta hannu bai yi rawa ba. Da azahar ta shiga ɗakin maza da kwano.

Sai-Gobe na tsaye a bakin gadon. Ba ya murmushi.

"Ina jiranki," ya ce. "Ƙananan yatsun nan biyu. Yau za a cire su."

Kwanon ya kusa faɗuwa.

"Me ka ce?"

"Jini ya daina kai musu. In aka bar su za su ja sauran."

"A'a."

"Ki saurare ni..."

"Na ce a'a! Jiya ka ce tana warkewa!"

"Tafin yana warkewa. Yatsun sun tafi."

"A ƙara magani. A canja allura. A bari..." Muryarta ta karye. "A bari sai gobe."

"Ba gobe a maganar nan. Yau."

Sista Babba, da ke gyara ƙarin ruwa a gado na gaba, ta juyo baki buɗe. Shekara da shekaru tana jin faɗan mutanen nan biyu. Yau kowa ya ari bakin ɗan'uwansa.

"Yau yatsa, gobe diddige, ko?" Wuƙa ta ce, hawaye na zubo mata. "Jibi gwiwa? Ashe ramuwa ka zo yi! Ni na yi maka laifi, ni za ka yanka, ba shi ba!"

Fuskarsa ta canja kamar an mare shi.

"Haka kika ɗauke ni?"

"An gaya mini tun da safe za ka ce haka!"

"Wa?"

Ta kauda kai.

"Mutum ɗaya na gaya wa," ya ce a hankali. "Da sassafe na je wurin Turare, na ce ya duba ko jikin Baba zai ɗauki allurar kashe zafi. Na roƙe shi ya bari ni in gaya miki da bakina."

Sista Babba ta ja tsaki mai tsawo.

"Ashe boka ne, an ba shi labari ya zo yana duba!"

Wuƙa ta tsaya kamar an dasa ta. Kunya ta rufe ta, amma tsoro bai sake ta ba.

"Duk da haka... Baba ne. Ka bari..."

Sai-Gobe ya zaro safar hannu daga aljihun da tsohon ya gyara, ya miƙa mata.

"Na ɗage sharaɗi. Duba da kanki."

Ta sa safar. Ta durƙusa. Tafin ja ne, mai ɗumi, nama ya cike ramin da ta sani. Yatsun biyu baƙi ƙirin, sanyi kamar dutse. Daga gindinsu wani jan layi ya fara miƙewa sama.

"Uwata," tsohon ya ce.

"Na'am, Baba."

"Da ƙafar wani ce, me za ki ce?"

Ta kasa ɗagowa.

"Ina tambayarki."

"Da tuni... da tuni yana ɗakin tiyata."

"To me ake jira? Ni tela ne. In bakin yadi ya ci wuta, datse shi ake yi a ceci rigar. Ɗan nan, da sauran zan iya taka keke?"

"Za ka taka, Baba. In Allah ya yarda."

"To ku ɗauka. Dama ba su taɓa yi mini aikin komai ba sai cin karo da ƙafar gado."

Tsohon malaminta na tiyata shi ya yi aikin. Wata likita ta ba da allurar. Turare bai leƙo ba, ƙamshinsa ma ba a ji ba.

Aka rufe ƙofa aka bar ta a waje.

Akwai wani dogon benci a wurin. Ta sha wuce shi da sauri, ta jefa wa masu zama kalma ɗaya ko biyu. Yau ta zauna.

Sai-Gobe ya zo ya zauna a ɗaya ƙarshen.

"Ban taɓa zama a nan ba," ta ce.

"Ni kusan kullum."

"Yana da tauri."

"Sosai."

Wata mata ta wuce tana goge ƙasa.

"Ka yafe mini abin da na faɗa."

"Ya wuce."

"Bai wuce ba, na ga fuskarka." Ta murza bakin mayafinta. "Da na kira ka ranar kawunka. Ko a waya. Yanzu na san abin da na hana ka."

"Da kin kira, da na ce sai gobe." Ya dubi ƙofar. "Da mun binne shi. Na daɗe da sanin haka. Bencin nan ne ban samu na zauna ba, shi ya ci ni. Na rasa wanda zan yi wa fushi, sai ke."

"Ka iya fushi kuwa. Ko tsawa babu."

"Kin yi ta mutum biyu."

Ta yi dariya cikin hawaye.

"Wuƙa..."

"Kar ka kira ni haka."

"To me zan kira ki?"

"Oho."

"Rabin raina?"

"Kai likita ne, ka san rai ba ya rabuwa biyu."

"Kafin ki fara kawo kwano haka na sani."

Ta rufe fuska da mayafi.

"Ina sonki," ya ce. "Wannan kuma ba zan bar shi sai gobe ba."

"Ni... ka ba ni lokaci."

"Ke?"

"Ni."

Ƙofa ta buɗe. Malamin ya fito yana cire hula.

"Yatsu biyu, ba ƙari. Ƙashi mai kyau ne. Yana ciki yana cewa ɗinkina ya karkace."

Ta miƙe da gudu. A bakin ƙofa ta waiwayo.

"Na ba da amsa."

"Ban ji ba."

"Ka ji!"

Ƙafar ta warke. Aka sallami tsohon da takalmi mai faɗi da dogon gargaɗi. Aka hana shi keke sai wurin ya yi ƙarfi. Ya zauna a shago yana aikin hannu yana hararar keken kamar an raba shi da mata.

Sai maganar aurensu ta kai gidan su Sai-Gobe. Ummansa ta ce sam.

"Wadda ta yanke mini ƙane? Ta yanka mutane da safe, ta dawo ta yanka mini albasa da yamma? Ba a gidana ba!"

Ya roƙa, ta ƙi. Ya yi shiru irin nasa, ta ƙi. Ƙarshe ta ce ita za ta je da kanta ta gaya wa telan ya ja wa 'yarsa kunne. Ta ɗauki Kawu ta tafi da shi, don ya zama shaida.

Wuƙa na shago tana yanke wa Baba farce suka yi sallama. Ta miƙe ta durƙusa ta gaishe su. Umma ta amsa a ciki-ciki.

Kawu ya shigo yana dogara sanda, ƙafar robarsa na ƙara.

"A'a! 'Yata ce! Zo nan, zo nan, Allah ya yi miki albarka!"

"Kai!" Umma ta ce. "Ba wannan na kawo ka yi ba. Nuna musu."

Ya ja wando ya ƙwanƙwasa robar da sanda.

"Ga ta. Ba ta ciwo, ba ta wari, sauro ya ciza ya karya baki."

"Wasa kake da abin da ya sa ni kuka?"

"Yaya, ke kina kukan ƙafa, ni ina cin abinci. Ni na kwana da ƙafar nan, ni na ji warinta. Ranar har na fara ganin marigayiya Inna tana yafuto ni. Yarinyar nan ta ce ba yau ba. Tun daga nan na aurar da 'ya'ya biyu, na ga jika."

"Duk da haka da ta jira ɗana."

"Da ta jira shi, da yau ba ki da wanda za ki ja zuwa gidan mutane."

Baba tela ya cire takalmi ya ɗora ƙafarsa a kan benci.

"Hajiya, duba nan."

Ta duba ba da son ranta ba.

"Ɗanki ya ci mini yatsu biyu ya bar mini ƙafa. 'Yata ta ci muku ƙafa ta bar muku mutum. Kowa ya yi ɓarna a gidan wani. Ni dai ban kai ƙara ba."

Kawu ya fashe da dariya. Umma ta kauda kai, amma gefen bakinta ya motsa.

Wuƙa ta matso, har yanzu a durƙushe.

"Umma, ban nemi izininku ba ranar. Ban fito na zauna da ku ba, ban yi muku bayani ba. Wannan laifina ne. Amma in aka sake kawo mini Kawu a haka, zan sake yankewa. Ba zan yi muku ƙarya ba."



Umma ta dube ta tun daga sama har ƙasa. Ta daɗe.

"Bakinki bai da linzami."

"Haka Baba yake cewa."

"Shi kuma nawa sai an sa hannu an zaro magana daga cikinsa." Ta yi ajiyar zuciya. Ta zauna a kujera, ta miƙe ƙafa ɗaya. "To tunda na zo... gwiwar nan tana damuna in zan tashi. Duba mini. Kallo kawai fa! Ban ce ki ɗauko komai ba!"

"Kallo kawai, Umma."

"Kin ji na faɗa."

Aka sa rana.

Baba ya ce ba wanda zai ɗinka kayan 'yarsa sai shi, kuma ba da hannu ba. Likitocin biyu suka duba ƙafar, suka dubi juna.

"Ni dai da an ƙara..." Wuƙa ta fara.

"Ta yi," Sai-Gobe ya ce. "Baba, hau."

Tsohon ya cire ƙyallen da aka rufe kekensa na ƙafa tun da ya kwanta. Ya ɗiga mai. Ya zura zare ba tare da tabarau ba, don a gani. Ya shimfiɗa yadin, ya ɗora ƙafar dama a kan feda.

Ya taka.

Keken ya yi tari sau ɗaya, ya tsaya.

Ya gyara zaman diddige, ya sake takawa.

Sai ƙarar ta tashi, irin wadda ta yi barci da ita tana jaririya, ta yi karatu da ita tana budurwa. Allura na hawa tana sauka, yadi na tafiya sumul. Maƙwabta suka leƙo. Tsohon bai dubi kowa ba.

Ta juya baya tana share ido.

"Rabin raina, kuka kuma?"

"Zare ne ya shiga mini ido."

"In cire?"

"Ka kiyaye ni."

Ya yi dariya, ya matsa kusa da keken, ya ɗaga murya don a ji shi.

"Baba, yaushe za a gama? Lokaci ya matso fa."

Tsohon bai rage gudu ba.

"Ɗan nan, kai ka koya mini haƙuri a gadon asibiti. Je ka ka zauna a benci."

Ya je ya zauna. Ta zo ta zauna a gefensa, ba a ɗaya ƙarshen ba.

Keken yana ta tafiya.